Iyakar Mashayar Kulu

Shekara shida ke nan tun da Malama Zulai ta tara yaran Mashayar Kulu a gindin wata tsamiya ta fara koya musu karatun boko. Ta dawo gida ne da takardar shaidar malanta, ta auri Jamilu, wani manomi ɗan garinsu, ta tarar makaranta mafi kusa tafiyar awa biyu ce a ƙasa, a hanyar da iyaye suka daina sakin 'ya'yansu tun da 'yan bindiga suka fara tare mutane. A shekara ta biyu mutanen gari suka yi gayya suka gina mata ɗakuna biyu na laka. A ta huɗu aka ƙara ɗaya. Ba ta da albashi. Da kaka iyaye kan kawo mata damin gero, matan ruga kuma ba sa barin gidanta ba nono.

Yanzu ɗalibanta na farko sun kai aji shida, su goma sha tara. Goma sha ɗaya 'yan cikin gari ne, takwas daga hayin rafi suke zuwa. Rafin nan shi ya raba Mashayar Kulu biyu. Manoma na yamma da shi, ƙarƙashin mai unguwa Isa, wanda yayan Zulai ne uwa ɗaya uba ɗaya. Makiyaya na gabas, ƙarƙashin Ardo Maikuɗi. Sunan gari ɗaya ne, maƙabarta ma ɗaya ce.

Kafin yaran su shiga ƙaramar sakandare sai sun zauna jarrabawa, kuma ba a zama jarrabawa sai da sunan makarantar da hukuma ta san da ita. Don haka ran wata Litinin da bazara, Jamilu ya goya ta a babur suka bi ayarin 'yan kasuwa har Zugu, daga nan ta shiga mota zuwa Bukkuyum.

A ofishin ilimi aka haɗa ta da wani matashi mai suna Naziru, wanda rajistar makarantu ke hannunsa. Ya karɓi littafin sunayen yaranta ya duba, ya yaba tsabtar aikin, sannan ya buɗe jerin garuruwa yana bi da yatsa mazaɓa bayan mazaɓa. Da ya kai ƙarshe ya koma farko.

"Malama, me kika ce sunan garin?"

"Mashayar Kulu."

"Ba ya nan. Ba makarantar nake nufi ba, garin kansa. Kin tabbata ba ƙasar Gummi ba ce?"

Ta ciro katin zaɓenta ta miƙa masa. Ya juya shi ya karanta.

"Na Bukkuyum ne, amma sunan wani ƙauye ne a jiki."

"Can muka zuwa zaɓe, ba mu da rumfa," in ji ta. "Na maigidana kuwa na Gummi na. Shi yamma yat tahi ya yi nashi."

Naziru ya ajiye katin a kan tebur. Ya ce da son ransa ne da yau zai rubuta makarantar, amma ba shi da layin da zai sa ta a kai, tunda makaranta sai ta zauna cikin mazaɓa, mazaɓa kuma cikin ƙaramar hukuma. Ya ce ta je Gummi ta tambaya, kuma ta sani saura mako bakwai a rufe karɓar sunayen masu jarrabawa.

Ranar Alhamis tana Gummi. Can wata mata ta samu, Malama Fauziyya, wadda ta sa aka ɗauko jerin bana da na shekarun baya, suka zauna tare suna dubawa har aka kira azahar. Babu Mashayar Kulu ko a ɗaya. A garin nan aka haife ta, a nan aka binne kakanninta, mutane sun fi ɗari bakwai, amma a takarda ko gida ɗaya babu.

"Wani ya yi sakaci ya bar mu," ta ce. "Sai na san ko wane ne."

Fauziyya ta ce ita ba ta san abin da ya faru ba, don tana firamare lokacin. Amma akwai wani tsoho a Anka, Malam Abdussamad, shi ne ya yi wa kwamitin da ya bi iyakokin nan aikin magatakarda zamanin soja. In yana raye kuma hankalinsa na nan, zai sani.

Da ta dawo gida ta biya ƙofar gidan Isa ta tarar da shi yana gyaran ƙotar garma. Ta ba shi labari tun daga farko. Ta yi zaton zai tashi tsaye don fushi, sai ta ga bai ko ɗago kai ba.

"Shekara nawa muna zamne haka? Mi ya ci mu?"

"Yaya, ba mu da asibiti, ba mu da rumfar zaɓe, ba a taɓa aiko muna malami ba. Ashe ba ƙin mu anka yi ba, ba a san da mu ba na."

"Ki kai ɗiyanki su yi jarrabawa da sunan wani gari, kamar yadda kowa ka yi. Bar tonon wagga magana, Zulai."

Ran Asabar ta bar wa Jamilu ajin ƙananan yara ya riƙe mata da haddar lissafi, ta kama hanyar Anka. Sau biyu direba ya tsaya a hanya yana jiran motocin da ke fitowa daga gaba ya tambayi lafiyar hanya kafin ya wuce. Duk tsawon tafiyar tana shirya maganganun da za ta faɗa wa mutumin da ya manta da garinsu.

Ta same shi a zauren gidansa da hantsi, tsoho ne siriri, idonsa ya yi hazo. Bayan gaisuwa ta faɗi sunan garin, tun kafin ta ƙara wani abu ya ɗaga hannu.

"Mashayar Kulu. Mai rafi a tsakiya, da ƙatuwar tsamiya a bakin gari. Ke ɗiyar wace ce a can?"

"Ɗiyar marigayi Ishaq mai unguwa."

Tsohon ya sauke hannunsa. Sannan ya ce Allah ya jiƙan Ishaq, ya tashi a hankali ya shiga cikin gida, ya fito da wani littafi mai bangon kwali wanda gara ta ci gefensa. Ya ce nasa ne na kansa, a ciki yake rubuta abin da suka gani kowace rana kafin ya juya shi a takardar gwamnati.

"Bari in fara miki daga tushe, don ki gane," in ji shi. "Zamanin En'e, duk ƙasar nan Sakkwato take duba. Ƙauye ba ya buƙatar taswira, ya san hakiminsa, shi ke nan. Garinku kuwa hakimai biyu gare shi tun asali. Manoma daga yamma suka zo, hakimin yamma ke naɗa musu mai unguwa. Fulani daga gabas suka gangaro saboda ruwa, hakimin gabas ya san da ardonsu. Muddin hakiman biyu na ƙarƙashin hukuma ɗaya, ba wanda abin ya dama. A saba'in da shida aka kawo ƙananan hukumomi. Daga baya soja suka yi ta ƙari, Bukkuyum ta samu tata, sai ya zama dole a san inda ƙasar Gummi ta tsaya. Aka aike mu."

Ya miƙa mata littafin a buɗe, ya ce ta karanta da kanta, idonsa ba ya gani sosai. Rubutun ƙanana ne, tawadar ta koɗe. Ta karanta cewa kwamiti ya isa Mashayar Kulu ranar Talata, ya tara mutane, ya ba su zaɓi uku: ko gari duka ya bi Gummi, ko duka ya bi Bukkuyum, ko rafi ya zama iyaka kowa ya bi nasa hakimin. Mai unguwa Ishaq da Ardo Maikuɗi sun ƙi rabuwa da baki ɗaya. Mai unguwa ya ce Gummi. Ardo ya ce Bukkuyum. An ba su mako biyu su kawo amsa guda. A ƙasan shafin an rubuta da fensir: ana jira.

"Mun jira mako biyu, na roƙi shugabanmu ya ƙara biyu," in ji Malam Abdussamad. "Na aika musu har sau uku. Ba wanda ya zo. Ba mu da ikon zaɓar musu, ba mu kuma so mu raba mutanen da suka ce ba sa son rabuwa. Kwamiti ya miƙa aikinsa ya watse. A tis'in da shida aka yanke Zamfara daga Sakkwato, kowa ya ɗauki jerin da ya tarar ya ci gaba da shi."

Zulai ta sake karanta shafin. Maganganun da ta shiryo tun daga gida duk suka zama ba su da amfani. Mahaifinta ne ya sayar da bijiminsa ya kai ta sakandare lokacin da ba 'ya mace ko ɗaya a garin da ta wuce allo. Ba ta taɓa jin ya ambaci wannan kwamiti ba har ya bar duniya.

"Malam, yanzu mi za a yi?"

Ya ce abin da ya kamata a yi tun wancan lokaci. Takarda ɗaya, da hannun mai unguwa da na ardo, zuwa ga hakimin ɓangaren da suka zaɓa. Hakimin ɗaya ɓangaren ya rubuta cewa ba shi da ja. Daga nan sai kansila, sai majalisar ƙaramar hukuma. Ya ce ba abu ne na mako bakwai ba, kada ta yaudari kanta, amma in ba a fara ba ko shekara bakwai ba za ta isa ba. Ta nemi izini ta ɗauki hoton shafin da wayarta, ta yi masa godiya, ta fito.

Washegari da ta isa gida ba ta tsaya ɗakinta ba, ta wuce wurin mahaifiyarta. Inna na zaune tana ɓarar gyaɗa. Zulai ta zauna kusa da ita ta karanta mata abin da ke cikin wayar. Hannun Inna bai daina aiki ba.

"Haka na, ba a ƙara ba, ba a rage ba," in ji ta.

"Inna, kin sani, ba ki taɓa gaya mani ba?"

"Ba ki tambaya ba. Kuma ba magana ta mai daɗi ba." Ta zuba ɓawon a ƙwarya. "Ubanki da Ardo tare sunka tashi, kwano guda suka ci. Ubanki na ganin in yab bar hakimin da yan naɗa shi ya ci amana. Ardo na ganin makiyayarsu duk gabas take, can aka yi wa shanu allura, can za su kai kuka in an cinye burtali. Kowa na jiran ɗan'uwanai shi taka shi zo. Sau biyu ubanki na sa takalmi shi kai bakin rafi shi komo. Da lokaci yaw wuce sai kunya ta hana su tada maganar."

"Yaya Isa ya sani?"

"Shina da shekara goma. Shi yak kai wa baƙin nan ruwan sha."

Zulai ta tashi za ta fita, Inna ta kira ta.

"In kin je gare shi, ki ce ni na aike ki. Kuma kada ki kunyata shi gaban mutane. Tsoro shika ji, ba mugunta ba ta."

Ta samu Isa a gona yana sassabe. Ta gaishe shi, ta ce Inna ce ta aiko ta, ta faɗa masa abin da ta gano a Anka. Ya soka gatarinsa a kututture ya tsaya yana kallon ƙasa.

"To, a rubuta Gummi. Abin da Baba yac ce ke nan."

"Yaya, kai ka sani da damina gulbin yamma ba ya ƙetaruwa sai an yi kwana uku ba ruwa. Jarrabawa cikin damina aka yin ta. Mace in naƙuda ta zo da gardama, Zugu muka nufa, ba yamma ba."

"Na sani."

"To mi ne ne?"

Da ƙyar ya faɗa. Ya ce rawaninsa daga hakimin yamma ya fito, kamar na ubansa da na kakansa. In aka koma ƙarƙashin hakimin gabas, wanda tun kaka da kakanni gidan Ardo ya sani, wa ya tabbatar masa ba za a ce gari ɗaya shugaba ɗaya ba, a miƙa wa ɗan Ardo? Ya ce ba zai zama wanda sarautar gidansu ta mutu a hannunsa ba.

Zulai ta ce ta ji. Ta ce za ta ƙetare rafi ta tambayi Ardo da bakinta, in ya yarda. Isa ya zare gatarinsa ya ce ƙafarta ce.

Shekara huɗu ke nan manyan ɓangarorin biyu ba su zauna a tabarma ɗaya ba sai wurin jana'iza. Tun da 'yan bindiga suka shigo ƙasar, zargi ya shiga tsakani. An kwashe wa manoma awaki da babura, an kore wa Ardo shanu sittin a rana ɗaya, amma kowane ɓangare asararsa kaɗai yake gani. Yara ne kawai ke ƙetare rafin kullum da littattafai a ka.

Ardo Maikuɗi ya tsufa ƙwarai, yana kishingiɗe a inuwar rumfa da sandarsa a gefe. Ya san ta, jikokinsa uku na ajinta. Ya saurare ta har ta gama bai katse ta ba, sai da ta zo kan maganar takalmin mahaifinta ya rufe ido.

"Ni ma na zo bakin rahin nan," ya ce. "Da na san shina zuwa, da na tsaya na jira shi."

"Baffa, Isa na tsoron rawaninai."

"Ni mi zan yi da rawanin manoma? Ɗana ko kunya guda bai iya ja daidai ba." Ya yi 'yar dariya, sannan ya gyara zama. "Zan tahi da ƙahwata gaban hakimi in ce Isa na mai unguwarmu duka. Amma ni ma ina da magana, kuma ba a kunnenki zan yi ta ba. A tara mutane."

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka taru a cikin rafin, a kan yashi, don ruwa bai sauko ba tukuna. Manoma suka zauna ta yamma, makiyaya ta gabas, mata suka tsaya daga baya a inuwar bishiyoyi. Liman ya buɗe da addu'a, ya ce Malama Zulai ta yi bayani. Ba ta saba magana gaban dattawa ba. Ta faɗi yadda aka duba jeri a Bukkuyum da Gummi ba a ga garinsu ba. Ta ce an taɓa tambayar iyayensu inda suke so, ba su kai ga ba da amsa ba har lokaci ya ƙure. Ba ta ce laifin wane ne ba. Ta kira sunayen yara goma sha tara ɗaya bayan ɗaya, da sunan uban kowannensu, ta ce waɗannan su ne ba za su wuce aji shida ba in aka tashi yau ba amsa.

Hayaniya ta tashi. Wani dattijo ya ce surukansa duk Gummi suke, shi ba zai canza ba. Wani ya ce in aka shiga jeri gwamnati za ta sa musu ido. Wani matashi daga gabas ya ce su da aka mayar ɓarayi a bakin mutane, don me za su sa hannu a takarda ɗaya da masu zarginsu? Liman ya yi ta tsawatarwa kafin a yi shiru.

Ardo ya dafa sanda ya miƙe. Ya faɗi alkawarin da ya yi wa Zulai game da rawanin Isa, a gaban kowa, ya ce liman shaida ne. Sannan ya nuna arewa da sandarsa.

"Burtalin da ka gangarowa mashaya, zamanin Ishaq shanu huɗu ka jerawa su wuce. Yau saniya guda sai ta goga da gero. Kowace damina sai an yi faɗa a kai. In za mu zama gari guda a takarda, a maido da shi yadda yake."

Kowa ya san gonakin da suka ci burtalin. Guda biyar ne, kuma mafi girman ci na gonar Isa ne, kunya kusan ashirin a wuri mai danshi inda dawarsa ta fi kyau. Idanu suka koma kansa. Zulai ta sunkuyar da kai, don ba ta san wannan ce maganar Ardo ba, kuma ta san yayanta zai ɗauka da saninta aka shirya.

Isa ya daɗe yana wasa da yashi a hannunsa. Daga baya ya miƙe ya karkaɗe rigarsa.

"Gobe da sahe a zo da igiya a auna. A hwara da tawa." Ya juya wajen liman. "A rubuta Bukkuyum."

Zulai ce ta rubuta takardar a kan cinyarta, liman ya karanta da ƙarfi, Isa ya sa hannu da ajami, Ardo ya dangwala yatsa. Gidaje huɗu na manoma suka tashi kafin a shafa fatiha, suka ce su ba da su ba. Isa ya wuce ta gabanta bai dube ta ba. An fi wata guda ba ya amsa mata gaisuwa sai da ka.

Duk da haka shi ya goya Ardo a babur ɗinsa zuwa gidan hakimin gabas, Jamilu na biye da Zulai. Ardo ya cika alkawarinsa, hakimi ya karɓi takarda ya ce ya yi murna. Zuwa wurin hakimin yamma ne ya fi wa Isa nauyi. Ya tafi shi kaɗai, ya durƙusa ya yi bayani. Hakimin ya ce a ba shi lokaci ya yi shawara da manyansa, don ƙasa ba riga ba ce da za a tuɓe a miƙa. Mako uku suka wuce ba amsa.

Saura kwana tara a rufe karɓar sunaye Zulai ta koma wurin Naziru da hoton takardar gari da wasiƙar hakimin gabas. Ta ce ta san aikin bai kammala ba, amma ba za ta koma ta ce wa yaran su jira baɗi ba, ya nuna mata kowace ƙofa ce ta rage ta ƙwanƙwasa. Naziru ya shiga wurin shugabansa da takardun, ya daɗe, ya fito ya ce akwai hanya ɗaya da doka ta yarda. Tunda hakimi ya karɓe su a rubuce, za a iya ɗaukar makarantarta a matsayin reshen wata firamare mai rajista da ke kusa da Zugu, na wucin gadi, in shugaban makarantar ya amince kuma ya je ya gani da idonsa. Ranar ta nemi shugaban makarantar har gida. Bayan kwana biyu ya bi su a babur ya ga ɗakunan laka uku, ya yi wa yaran tambayoyi a kan allo, ya sa hannu.

Yara goma sha bakwai ne suka zauna jarrabawar. Biyu daga hayin rafi iyayensu sun tashi da sauran shanunsu sun yi kudu kafin ranar ta zo, Zulai ta bi su da saƙo ba ta same su ba. An yi ruwa da asuba ranar jarrabawa, hanya ta yi caɓi, babura tara suka kwashi yaran bibbiyu, manoma da makiyaya a jere, ita tana kan na ƙarshe da fensira a cikin leda. Goma sha huɗu suka ci.

Amsar hakimin yamma ba ta zo ba sai bayan kaka. Ya rubuta cewa ba shi da ja, da sharaɗin gidajen nan huɗu su ci gaba da kai gaisuwarsu wurinsa in sun so. Majalisar ƙaramar hukuma ta zauna a kan maganar bayan wata biyar, aka turo ma'aikata biyu suka zagaya garin suka ƙidaya gidaje. Da bazarar da ta biyo baya Naziru ya kira ta a waya ya ce Mashayar Kulu ta shiga jeri, makarantarta ta samu lambarta, kuma an sa ta cikin waɗanda za a tura wa malami idan an ɗauki sababbi.

Tana cikin aji lokacin. Ta gama darasin da take yi, ta tashi yara, ta biya ta faɗa wa Inna, sannan ta wuce ƙofar gidan Isa. Ya saurara, ya ce alhamdu lillahi. Sannan ya tambaye ta ko wace irin takarda ake rubutawa in gari na neman ɗakin shan magani. Ta ce ba ta sani ba tukuna, amma ranar Litinin za ta shiga Bukkuyum ta tambayo. Ya ce ta shirya da wuri, shi zai kai ta.